Ni Na Koya Masa Yadda Zai Rabu Da Ni

'Yan uwa masu karatu, yau ba ni da bakin wasa. Kun saba in buɗe muku da tsokana, in ba ku labarin faɗanmu da Yayata a kan turare, to yau sai ku yi haƙuri da ni. Idona a kumbure nake wannan rubutu. Ga wanda bai san ni ba, ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke ce min. Ina aiki a wani otal, ni ke kula da ɗakunan taro, wato ni ce mai jera kujeru da ruwan roba, mai lallaɓa makirfo kada ya yi gardama lokacin da manya ke jawabi. Shi kuwa wanda labarin ya shafa, a gidanmu Manaja ake ce masa. Shekara uku ke nan yana zuwa wurina.

Manaja mutumin kirki ne, ko yau da zuciyata ke ƙuna ba zan canza wannan magana ba. Babansa ya rasu ya bar masa kamfanin kujeru da gadaje, da kafintoci da masu fenti da masu ɗinkin kushin, wasunsu sun girme shi nesa ba kusa ba. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Mai saye ya ce yana son gadonsa ranar Juma'a, sai ya ce ba damuwa. Wani ya zo ya ce shi ma Juma'a, ba damuwa. Kafinta ya nemi hutu, za mu gani. Mai fenti ya kawo ƙarar mai kushin, za mu gani. Har ma'aikatan suka raɗa masa suna a bayan idonsa, Malam Za-mu-gani. Shi da kansa ya ba ni labarin yana dariyar yaƙe. A lokacin ya rame, ciwon ciki ya sa shi gaba, ƙwararrun kafintocinsa suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Ni ma fa za-mu-ganin nake sha, sai dai so ya rufe min ido, na ɗauka kunya ce.

A gida kuwa an sa ni a tsakiya. Umma ba ta faɗa, ita da ajiyar zuciya take kashe mutum. In ina wanke-wanke ta zo ta tsaya a bakin kicin.

"Auta, yaron nan dai har yanzu shiru?"

"Umma, aiki ne ya yi masa yawa."

"To, Allah ya sa aikin ya bar mana shi da rai."

Yayata ita ba ta da wannan lallashin. Duk zuwan da za ta yi daga gidan mijinta sai ta leƙa falo ta shafa kujerar da yake zama.

"Kujerar nan ta lotsa da zaman Manaja. Tunda sana'arsa ce, ki ce ya canza mana kushin kafin ya gama tunani."

Abba kuwa sau ɗaya ya yi magana, yana naɗe da jarida a hannu. Ya ce, "Ki gaya masa ina son in san matsayinsa." Na gaya masa. Ku canki amsar da ya ba ni.

Ana cikin haka na haɗu da Koci. Kafin zuciyarku ta yi nisa, ku tsaya, ba abin da kuke zato ba ne. Dattijuwa ce, ta haifi kamarsa, ta yi aikin banki har ta yi ritaya. Gilashi take sawa mai igiya, da takalmi marar tsini, ba ta ɗaga murya. Sana'arta yanzu ita ce horar da shugabannin kamfanoni, ɗaya bayan ɗaya, ita da mutum a ɗaki. A otal ɗinmu take kama ƙaramin ɗakin taro. Wata rana na shiga kai musu shayi, na tarar da wani babban mutum, irin wanda in ya shigo masu gadi ke ƙamewa, yana zaune gabanta yana murza hula. Tambaya ɗaya na ji ta yi masa, "Me kake tsoron zai faru in ka gaya musu gaskiya?" Daga nan ta yi shiru. Ta ƙi cika masa shirun. Har na ajiye kofuna na fita bai ce uffan ba, gumi kawai yake sharewa alhali na'urar sanyaya ɗaki na aiki.

A raina na ce, wannan ita ce maganin Manaja.

Na karɓi katinta na ɗauki hoto na tura masa. Ya rubuto, "Yanzu ni yaro ne da za a koya min riƙe kamfanin ubana?" Na ce ba koyarwa take ba, tambaya take. Ya ce, "Za mu gani." Da na ga abin zai bi sahun sauran, ni da kaina na je na same ta na sa masa rana, na kira shi na ce an riga an sa. Na san ba zai iya cewa a'a ba. Ku riƙe wannan, 'yan uwa, da hannuna na yi.

Ranar da Umma ta ji yana zuwa wurin koci sai ta ajiye tsintsiya. "Ƙwallo kuma zai fara da girmansa?" Na yi dariya har da hawaye.

Abin da matar nan ta yi masa, ni shaida ce, ba ƙaramin alheri ba ne. Ba ta taɓa ce masa yi kaza ba. Da izininsa ta je kamfanin, ta zauna da ma'aikata ɗaya-ɗaya a kan benci cikin ƙurar katako, ba ya wurin. Ta dawo ta faɗa masa abin da suka ce ba tare da ta kama sunan kowa ba. Wani ya ce, gara Manaja ya hana shi abu da safe ya san inda ya dosa, da ya bar shi yana jira wata guda. Wani ya ce ba mugu ba ne, amma kirkinsa ya fi muguntar wani gajiyarwa. Ranar da ya ji wannan ya zo wurina idonsa jajur, ko ruwa bai sha ba.

A hankali ya fara canzawa. Ina zaune a ofishinsa wata rana na ji ya ce wa wani mai saye a waya, "Ranka ya daɗe, Juma'a ba zai yiwu ba. Laraba ta sama zan kawo, in ba ta yi maka ba zan nuna maka wani wurin." Na zuba masa ido kamar ban taɓa ganinsa ba. Ya kashe wayar, sannan ya yi murmushi. Mutumin ya jira Larabar. Kafintoci biyu da suka tafi suka dawo. Ya daina yawo da maganin ciki a aljihu, wuyan rigarsa ya cika. Ni kuwa sai hura hanci nake, duk wanda ya ce Manaja ya yi kyau sai in ji kamar ni aka yaba.

Sai maganar Dogo ta taso. Dogo abokinsa ne tun suna yara, shi ke riƙe da sito. Ba ɓarawo ba ne, aikin ne ba nasa ba. Katako ya ƙare bai sani ba, fenti ya bushe a gwangwani, kafintoci su wuni a zaune. Kowa ya san dole a sauke shi, Manaja ya fi kowa sani, ya shekara yana kewaye-kewaye. Koci ta ce masa irin wannan magana sai an gwada ta da baki kafin ranar, ya nemi wanda ya yarda da shi su gwada. Wa ya yarda da shi in ba ni ba?

A falonmu muka yi, wata Asabar da yamma. Ni na zama Dogo, na naɗa ɗankwali kamar hula, na baje a kujera, na kumbura murya. "To, Manaja, ga ni. Lafiya?"

Ya kashe wayarsa ya kifa ta a kan tebur. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ni ta gefe, ba gaba da gaba ba, ya ce haka Koci ta ce, kada mutum ya ji kamar a kotu yake.

"Dogo, ka san mun daɗe tare, kuma ka san ina ganin girmanka, kuma a gaskiya ƙoƙarinka..."

"Tsaya," na ce da muryata. "Ka fara kwana-kwana. Me ta ce maka?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ce kada in fara da yabo. In na fara da yabo mutum zai saki jiki, sannan in soke shi. Ta ce maganar ta fito a jimlar farko."

"To sake."

Ya sake, ya ƙara lauje. Na sa shi ya sake. Da ya faɗa daidai sai ya ci gaba da zuba, yana ba da haƙuri, yana cewa wataƙila nan gaba. Na ɗaga masa hannu.

"Babu wataƙila. In ka faɗa ka yi shiru. Ka bar shi ya yi fushinsa."

"Shirun nan ne ke kashe ni, Auta."

"Ka daure. Kuma wannan 'ina ganin kamar' da kake sawa, cire shi. Ka ce, akwai shawarar da na yanke, kuma ya kamata a ce na faɗa maka tuntuni."

Ya maimaita a hankali. "Akwai shawarar da na yanke, kuma ya kamata a ce na faɗa maka tuntuni." Ya dube ni. "Kai, wannan ta fi. Ke ma kocin ce."

Muka yi ta dariya har Umma ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya je ya yi wa Dogo maganar. Dogo ya yi fushi, ya daina gaishe shi na wani lokaci, daga baya ya kama sayar da labule, abin ya karɓe shi, har suna aiko wa juna masu saye. Manaja ya ce min ranar ce ya fara jin shi shugaba ne.

Shekaranjiya ina wurin aiki, ina ƙirga kujerun wani taro, saƙonsa ya shigo.

"Auta, ina son mu yi magana gobe bayan la'asar, a gida. Magana ce mai muhimmanci. Abba zai kasance yana nan?"

Na karanta har na haddace. Abba zai kasance yana nan. Na zauna a kujerar babban baƙo ina murmushi ni kaɗai. Na tura wa Yayata hoton saƙon, kuskuren da na yi ke nan. Kafin in isa gida Umma ta sani, ƙanwar Umma ta sani, har maƙwabciyarmu ta gaishe ni da wani irin kallo.

Jiya tun safe gidanmu ya koma kamar za a yi baƙin ƙasar waje. Umma ta sauke labulen falo ta ɗaura sababbin nan masu ruwan zuma da take ɓoyo a ƙasan akwati. Aka fito da kofunan gilashi waɗanda ba a taɓa yarda mu sha ruwa da su ba. Yayata ta zo da jaririnta a kafaɗa da jakar kwalliya a hannu. Doguwar rigata mai ruwan toka na so in sa, ta fizge ta.

"Wannan ta zuwa gaisuwar mara lafiya ce. Sa koriyar."

Na sa koriyar, mai ƙananan duwatsu a hannu, wadda ya taɓa cewa ta yi min kyau. Ta ja min gira, ta shafa min jan baki kaɗan, ta fesa min turaren da muka yi faɗa a kansa, yau ba rowa. Umma ta shigo ta tsaya a bayana a madubi, ta gyara min mayafi, na ga idonta ya kawo ruwa.

Manaja ya zo a kan lokaci, abin da da can bai iya ba. Farar riga ya sa, ba turare. Ya gaishe da Umma a tsakar gida har ƙasa, ta amsa baki har kunne ta shige ɗaki. Na kawo lemo da biskit a faranti na ajiye, na zauna ina wasa da zoben hannuna.

"Yallaɓai, irin wannan saƙo haka? Ka hana mutane barci."

Bai yi dariya ba. Ya ciro wayarsa ya kashe, ya kifa ta a kan tebur.

Gabana ya faɗi.

Ya tashi daga lotsattsiyar kujerarsa, ya jawo ƙaramar ya zauna kusa da ni ta gefe. A raina ina cewa a'a, Auta, kada ki zama mahaukaciya, ai duk muhimmiyar magana haka ake yin ta, har ta alheri. Ina jira ya fara yabona. Wallahi ban taɓa roƙon Allah mutum ya yi min kwana-kwana ba sai jiya. Ya ce kin yi kyau, ya ce mun daɗe tare, ya ce komai.

Ya dube ni cikin ido.

"Auta, akwai shawarar da na yanke, kuma ya kamata a ce na faɗa miki tuntuni. Ba zan iya aurenki ba."

Sannan ya yi shiru.

Na san shirun nan. Na san yana cin sa, na ga yadda ya damƙe gwiwarsa. Da can da tuni ya ce wasa yake, ko ya ce mu ƙara lokaci. Na jira ya karye. Agogon bango na tafiya, jaririn Yayata ya yi ɗan kuka a ciki aka rarrashe shi, ƙanƙarar da ke cikin lemon ta narke. Bai karye ba. Ya daure kamar yadda na ce ya daure.

"Jimlata ce," na ce. Ban san lokacin da ta fito ba. "Ni na gyara maka ita."

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Na nemi wata na rasa wadda ta fi ta gaskiya."

"Akwai wata ne?"

"Babu kowa."

"Ka faɗa min in akwai. Wallahi zai fi min sauƙi."

"Babu, Auta."

"To me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Lokacin da Baba ya rasu ke kika riƙe ni, kullum sai kin kira kin ji ko na ci abinci. Na ji daɗi, na saba da ke, na fara zuwa. Da na ga kin sa rai, Umma ta sa rai, sai na kasa cewa komai. Ina ganin girmanki fiye da kowa. Amma abin da kike ji a kaina, na yi ta jira ya zo min, bai zo ba. Shekara uku ina ce wa kaina za mu gani."

Hawaye ya fara sauka a kan koriyar rigar, ina kallon yadda yake ɓata ta. "Koci ce ta ce ka rabu da ni?"

"Ba ta san sunanki a wannan maganar ba. Bayan an gama da Dogo na je mata ina murna, na ce yanzu ba wanda ke jiran amsata. Sai ta cire gilashi ta ce, ka tabbata? Shi ke nan abin da ta ce. Na fito na zauna a mota na kasa tayar da ita."

Na so in tsani matar nan. Har yanzu ina ƙoƙari, abin ya ƙi. Me ta yi? Ta mai da shi mutumin da ma'aikatansa ke yarda da maganarsa, mutumin da nake alfahari da shi. Shi wannan mutumin ne ba ya so na. Wancan na da, mai ciwon ciki da rawar baki, shi ne nawa.

Na share fuska da gefen mayafi, jan bakin Yayata ya bi shi. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka tausaya min."

"Ina ji."

"Da ban kai ka wurinta ba, da ka aure ni?"

Idonsa ya cika.

"Da na aure ki," ya ce. "Da Abba ya ƙara tambaya sau ɗaya, da na ce to. Kuma da kin gane daga baya, wataƙila da yara a tsakaninmu."

'Yan uwa, ban san wanne ya fi ciwo ba, a'ar ko wannan. Wani ɓangare na zuciyata, kuma ina jin kunyar rubuta shi, cewa yake to da ka bari na gane daga bayan. Da na samu ko shekara biyu ina zaton ana so na.

Ya miƙe ya ɗauki wayarsa. Na zaci ƙofar waje zai nufa.

"Zan shiga wurin Abba."

"Ka tafi kawai. Ni zan san abin da zan ce musu."

"A'a. Ni na zauna a falonsa shekara uku. Ba zan bar ki da wannan kaya ke kaɗai ba, da bakina zai ji."

Ya fita. Na ji takunsa a tsakar gida, na ji sallamarsa a ƙofar Abba, na ji Abba ya amsa da fara'a ya ce shigo, shigo. Ƙofar ta rufe.

Ko numfashi ban gama ja ba labulen falo ya ɗaga. Umma ce, Yayata na bayanta da jariri. Ta taga suka hango shi ya shiga. Umma ta zo da sauri, ita da ke ciwon gwiwa, ta rungume ni ta haɗa kaina da ƙirjinta.

"Ya shiga wurin Abbanki. Alhamdulillahi. Auta, ya shiga."

Na fashe da kuka mai sauti. Yayata ta yi dariya. "Ji sakarya, ta ɓata min kwalliya. Yau kuma kukan me?"

"Ƙyale ta," in ji Umma tana shafa bayana. "Na daɗi ne. Ni ma haka na yi. Yi abinki, 'yata, kin yi haƙuri, kin ga ranar haƙurinki."

Na buɗe baki in ce Umma ba haka ba ne, kukan ya danne maganar. Da hannu ɗaya take riƙe da ni, ɗaya hannun ya riga ya lalubo waya, tana neman lambar ƙanwarta. Na ji wayar na ƙara, na ji an ɗauka.

"Albishirinki," Umma ta ce, muryarta na rawa don murna.

A daidai nan ƙofar Abba ta buɗe. Bai fito ba, daga ciki ya yi kira, a hankali, da muryar da rabona da jin ta tun ranar da aka aiko masa da rasuwar ƙaninsa.

"Hajiya. Ajiye wayar nan ki zo."

Hannun Umma ya tsaya cak a bayana. Ta ɗago fuskata da yatsunta, ta dube ni sosai, karo na farko tun shigowarta.